Simintin Surukina

Shekaranjiya wani saurayi ya shigo shagona a unguwar Kpébié ta Parakou, ko sallama bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya. Jerin kayan kwamfuta ne ya kwafo daga bakin wani Bature mai bidiyo, wanda ke zaune a ƙasar da ake sa rigar sanyi a cikin ɗaki. Ya ce, "Patoro, waɗannan nake so. Montaj ɗin kuma, haɗa su ke nan, ai ba wani abu ba ne, na ga ana yi cikin minti goma. Da ni ma zan yi, turnabis ne kawai ba ni da shi." Na nuna masa turnabis, abin ɗaure sukuru, a kan tebur, na ce kyauta ne, ya ɗauka ya tafi da shi. Bai ɗauka ba.

Ku masu irin tunaninsa nake yi wa wannan rubutu. A abu ɗaya kuna da gaskiya: ɗaure sukuru ba ya buƙatar ilimi, ɗiyata Halima tana yi idan ta ga dama. Sana'ar tana wajen zaɓen abin da za a ɗaure. Sunana Idi, na fi shekara ashirin ina wannan aiki, amma akwai shekara guda cur da daga Parakou har Djougou ba mai kirana sai da Idi Hayaƙi, kuma saura kaɗan in rufe shagon nan in koma sayar da caja a tasha. Zan gaya muku yadda aka yi. Sai dai ku yi haƙuri in fara daga farko, tunda ku ba ku da farko, daga bidiyo kuka faɗo.

Rediyo na fara taɓawa, a atiliye, wato shagon gyara, na maigidana Patoro Sabi, wani mutumin Bargu mai gajeren haƙuri da ke gyaran rediyo da talabijin kusa da tashar mota. In ce taɓawa ma na yi ƙarya. Wata shida ina shara, ina ɗebo ruwa, ina sayo masa koko. Ranar da ya ga damar koya mini darasi na farko, wani ƙonannen abu ya ciro daga cikin talabijin ya cusa mini a hanci, ya ce in shaƙa. "Wannan warin kuskure ne," ya ce da karkatacciyar Hausarsa. "Ka san shi da kyau." Shekara huɗu na yi a hannunsa. Ranar liberasiyo, da aka tara iyaye aka ci shinkafa aka ba ni takardar cewa na ƙware, ya miƙo mini turnabis biyu da miltimeta, abin auna wuta, ya ce kada in sake zuwa masa sai gaisuwar sallah. Miltimetan yana nan har yau, an naɗe shi da roba. Sauran kayan aikina ba su cika jaka ba: buroshi, hantsaki, ƙarfen narka dalma, da ɗan man da ake shafa wa furosesa don kada zafi ya kashe shi.

Da shagunan intanet suka cika gari na koma gyaran kwamfuta. Da waya ta kashe shagunan, sai 'ya'yan masu hali suka fara zuwa da sabuwar larura, wai kwamfutar wasa. Ta ofis kamar jaki take, a ɗora mata takardu ta yi ta tafiya. Ta wasa kuwa daga an kunna ta take gudu, tana zuƙar wuta tana fitar da zafi, kuma ba a sayen ta a haɗe idan ana son ta kirki. Ɗaya bayan ɗaya ake zaɓen kayanta.

Ta farko da na haɗa ta wani mai sayar da taya ce. Ya zuba kusan duk abin da yake da shi a kan katin hoto, wanda muke ce wa kart girafik, shi ke zana duk abin da ido ke gani a wasan. Kati ne kamar bulo, da fanka uku. Da ɗan abin da ya rage ya sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, mafi arha da ya samu. Na ce masa ba za su tafi tare ba, katin zai gama aikinsa ya zauna yana jiran ƙwaƙwalwa ta farka. Ya ce Baturensa bai faɗi haka ba. Na haɗa masa. Bayan kwana uku ya dawo yana kumfar baki, wai 'yan ƙwallonsa suna tsayawa cak a tsakiyar fili kamar sun tuna wani abu a gida. Na ce Allah ya sawwaƙe, ya kira Baturen.

Tun daga ranar ba na duba jerin kowa sai na yi tambayoyina. Wane wasa za ka yi? Mai wasan ƙwallo da mai harbe-harbe ba kati ɗaya suke bukata ba. Wane allo gare ka? Idan tsohon allon ofishin yayanka ne, babban kati asara ne, zai zana abin da allon ba zai iya nunawa ba. Furosesan da ka zaɓa, zai zauna a ramin kart mer ɗinka, wato babban faifan da komai ke hawa kansa? Na ga wanda ya danna shi da ƙarfin damtse har ƙafafun suka kwanta, ya zo yana cewa na kamfani ne bai yi kyau ba. Ram kuma, inda injin ke riƙe aikin da yake kai, biyu ake sawa su raba aiki, ko da ƙanana ne, sun fi guda ɗaya ƙato. Sai tambayar da ke ɓata muku rai: ina injin zai zauna? Kuna son akwati mai gilashi ta ko'ina, da fitilu ja da shuɗi kamar motar amarya. A zafin bazarar Parakou, a ɗakin kwano, akwatin da iska ba ta shiga ta gabansa tanda ne. Fitilu ba sa ƙara gudu ko na taki ɗaya, amma na gaji da faɗa, yanzu idan mutum ya nace sai in sa masa in ce ya yi kyau.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya taɓa shigowa yana ɗokinsa. Alimantasiyo, muna ce mata alim. Ƙaramin akwatin ƙarfe ne a gindin injin, ita ke karɓar wutar bango ta tace ta, ta raba wa kowa daidai cikinsa. Ba ta da kyau, ba ta zana komai, ba a ɗaukar ta hoto. Amma idan ram ya mutu, shi kaɗai yake mutuwa. Alim idan ta tashi mutuwa sai ta ja na kusa da ita. A nan kuma kowa yake son ya rage kuɗi.

Ranar sunan ɗana na uku, ina zaune da abokaina a ƙofar gida, na ci na ƙoshi, baki ya buɗe. Wani ya tambaye ni yadda ake gane alim ta kirki. Na ce, "Ɗaga ta. Ta kirki nauyi gare ta, don tagulla da ƙarfe sun cika ta. Ta banza kamar gwangwanin madara take." Maganar gaskiya ce, rabinta. Ban lura ba ashe surukina yana kan tabarma bayan labule yana jan carbi, kuma kunnensa ba ya barin komai ya wuce.

Ba zan faɗi sunansa ba, mahaifin matata ne. Alhaji ake ce masa. Babban dillalin doya da masara ne a Djougou, motocinsa ke kwaso kaya daga Kolokondé da kasuwar Partago. Mutum ne da yake ɗaga doya sau ɗaya a tafin hannu ya gaya maka ko ta fara ruɓewa a ciki, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa cutar sa a ciniki ba. Ni kuwa, kamar kowane ɗa mai tarbiyya a gidajenmu, ban taɓa zama kujera a gabansa ba, ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa ce masa komai da ya wuce "Haka ne, Baba" ba. Idan akwai magana tsakaninmu, ni in gaya wa matata Ramatu, ita ta gaya wa mahaifiyarta, Inna, Inna ta zaɓi lokacin da ya dace ta gaya masa. Haka muka yi shekaru lafiya lau.

Autansa Rabi'u ya gama makaranta, ya ƙi bin motar doya, ya ce shi gidan wasa zai buɗe a Djougou, inji uku, matasa su zo su biya su buga. Alhaji ya yarda, da sharaɗin ni zan haɗa. Na zauna da Rabi'u muka zaɓi komai daidai, kati da furosesa da suka dace da juna, akwatuna masu shan iska. Ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Saura alim uku, na ce zan yi oda. Sai ga saƙo daga Djougou ta hanyar da aka saba: kada in wahalar da kaina, Alhaji zai je Kwatano, shi zai sayo su a matsayin gudummawarsa. Ai ya san yadda ake zaɓa.

Direbansa ya sauke mini kwali uku. Alim ne masu ruwan zinariya, an buga musu lambar ƙarfi da ko injin niƙa zai yi kishi. Na ɗaga ɗaya, sai da hannuna ya sauka. Nauyi kam akwai. Amma wayoyin da suka fito daga cikinta siraran ne kamar taliya, kuma sunan da ke jiki ban taɓa jin sa ba. Na kwance sukuru huɗu na buɗe murfi. A ciki akwai ɗan faifai da bai kai tafin hannu ba, irin wanda ko rediyon Patoro Sabi zai raina. A gefensa kuma, an manne da gam, an shafa baƙin fenti, dunƙulen siminti ne. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta uku. Duk ɗaya. Wani ɗan kasuwa ya riga ya san akwai masu hikima irina da ke koya wa mutane awo da hannu, ya tanadar musu abin da suke nema.

Na kira Ramatu na nuna mata. Na ce, "Ki gaya wa Inna ta gaya wa Baba, siminti ne a ciki. Idan na saka, za su ƙone injinan."

Ta dafe ƙirji. "Baban Halima, kana jin abin da kake faɗa? In ce wa Inna Baba ya je har Kwatano ya sayo siminti? Baba da ko a Partago ba a taɓa ɓoye masa ruɓaɓɓiyar doya a ƙasan tari ba?"

"To ya za a ce?"

"Bar ni da shi. Akwai yadda ake faɗa."

Akwai kuwa. Daga baya na ji yadda saƙon ya yi tafiya. Ramatu ta ce wa Inna kayan suna da ɗan wani abu kaɗan, ko za a ƙara dubawa. Inna ta riƙe maganar kwana biyu tana jiran Alhaji ya dawo da fara'a, sannan ta ce masa yaron nan ya ga kaya, ya ce irinsu ba su da yawa, sai an duba da kyau. Kowace ta san abin da take yi, kowace ta cire ƙaya ɗaya don kada ta soki dattijo. Amsa ta dawo mini ta hanya ɗaya: Alhaji ya gode, shi ma ya san irinsu ba su da yawa, a saka.

Djougou ba bayan teku take ba, tasi na tafiya kullum. Na san abin da ya kamata in yi, in hau mota in durƙusa a gabansa in buɗe murfi. Har na sa takalmi. Sai na hango fuskarsa, da mutanen da ke zaurensa, da ni ɗan gyaran rediyo ina koya masa ciniki, na cire takalmin. Na yi tunanin in sayi wasu a ɓoye in musanya, amma akwatunan suna da gilashi a gefe, kuma ya riga ya aiko cewa a sa zinariyarsa inda za a gan ta. Sai na yi abin da matsorata masu ilimi suke yi, na nemi dabara. Na rage wa katunan ƙarfi daga cikin saiti don kada su ja wuta da yawa, na haɗa wa kowane inji regilater mai daidaita wuta, na ce wa kaina wataƙila su jure. Na mayar da murfi, na ɗaure sukuru goma sha biyu da hannuna.

Ranar buɗe shago an kira liman, an yi addu'a, an daka sakwara. Alhaji ya zo da abokansa 'yan kasuwa, ya sa sanda ya nuna ta cikin gilashi. "Sauran duk aikin yara ne," ya ce. "Waɗannan kuwa ni na zaɓo su da hannuna. Ko ba haka ba, Idrisu?" Ina tsugune daga nesa na ce, "Haka ne, Baba." Kafin in kai tasha, Rabi'u ya gano an rage wa katunan ƙarfi, ya kalli bidiyo, ya mayar da su har ƙarshe. Yaro mai ƙoƙari.

Sati uku suka yi. Ranar wata kasuwa da la'asar, shago cike, waya ta shigo daga Rabi'u. "Yaya Idi, mashin ɗin ta fashe! Wallahi kamar bindiga, yara har ta taga suka fita!" Washegari da safe na isa. Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini, na san warin. Alim ta tafi, ta ɗauki katin hoto da kart mer ta tafi da su. Na ciro gawarta na sa a jaka na ce zan bincika a Parakou, alhali ɓoye ta zan yi kada wani ya buɗe. Na ce wa mutane wutar gari ce ta yi tsalle. Mai sayar da ruwan sanyi a maƙwabta ya ce abin mamaki, firijinsa bai ji tsallen ba. Bayan kwana goma ta biyu ta bi sahu, ita ma na je na kwaso gawarta. Rabi'u ya zare ta uku daga bango, ya rufe ta da zane, ya kulle shago, ya koma bin motar doya zuwa Kolokondé. Ya kuma daina gaishe ni.

Labari ya riga ni dawowa Parakou. Wanda ya ba ni aiki ya zo ya karɓi kayansa, wai ya fasa. Wanda na haɗa wa inji shekara biyu da suka wuce ya kawo shi wajen wani yaro da ya buɗe shago jiya, a duba masa ko na dasa wani abu. 'Yan zemijan, wato masu acaɓa, da ke tsayawa a ƙofata, idan na fito sai ɗaya ya yi tari ya kaɗa hannu a gaban hanci. Shekarar nan na gyara tocila, na gyara tukunyar dafa shinkafa, na gyara lasifikar masallacin unguwa, kuma ladan da kansa ya tsaya a kaina da bokitin ruwa, wai ko da wani abu. Na ji ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Maganin abin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburina, dunƙulen siminti biyu. In ɗaga su sau ɗaya a gaban mutane, sunana ya wanku. Amma ranar duk Djougou za ta yi dariyar kakan 'ya'yana. Ramatu ta san na sani, na san ta sani, muka yi ta cin tuwo ba mai tada maganar.

Da sabuwar doya ta fito, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shagona. Alhaji ne ya sauko da kansa. Bai taɓa taka shagona ba. Na sauka daga kujera na durƙusa, tela maƙwabcina da 'yan zemijan suka matso gaisuwa. Direba ya shigo da kwali uku ya ajiye a kan tebur.

"Idrisu," ya ce, da muryar da har tsallaken titi aka ji, "abin da ya faru ya faru. Kowane mai sana'a hannunsa yana kuskurewa. Shekara guda ina ba mutane haƙuri a kanka, ina cewa yaro ne mai kirki, ƙaddara ce. Ni na yafe. Za a sake tada shagon Rabi'u, kuma kai za ka yi, don ba a jefar da ɗan gida. Wannan karon ka natsu." Ya dafa kwalin. "Na koma wajen mutumina. Waɗannan sun fi na bara ma. Sai da na sa aka kawo sikeli."

Tela ya ce, "Allah ya saka wa Alhaji, wannan shi ne dattako."

 An yafe mini a gaban jama'a, ga kuma wata shekarar hayaƙi a cikin kwali tana jirana. Na roƙi tela da sauran su ɗan ba mu wuri, na ja ƙofa rabi.  Sai na fito da alim ɗaya, na ɗauki turnabis, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, a buɗe."

"In buɗe me?"

"Sukuru huɗu ne, Baba. A buɗe da hannun Baba."

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, sannan ya karɓa. Bai iya riƙon turnabis ba, ya daɗe yana fama, ban taimake shi ba. Murfi ya tashi. Ya ƙura wa abin ido. Ya sa farce ya kankare baƙin fentin, ya murza garin tsakanin yatsunsa. Mutumin da ya gina gidaje uku ba ya bukatar a gaya masa sunan abin. Wannan dunƙulen ma ya fi na bara girma, ɗan kasuwar ya ji daɗin abokin cinikinsa.

"Na bara?" ya ce a hankali.

Na jawo akwatin ƙarfe, na fito da biyun na ajiye a gabansa.

"Bayan sun ƙone ka gani?"

Nan ne wurin da ƙarya ɗaya ƙarama za ta rufa wa kowa asiri. Na ce, "Kafin in saka, Baba."

"Kafin ka saka."

"Na aiko da saƙo."

"Ka aiko da saƙo." Ya ajiye turnabis. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Idrisu, ni doya na sani. Da kai ka kawo mini ruɓaɓɓiya, a gaban kowa zan fasa ta in nuna maka, kuma ba raini ba ne. Na zo wajenka don ban san wannan abin ba. Ni na sayi siminti a rashin sani. Kai ka ɗaure shi a cikin dukiyar ƙaninka kana gani. Ka bar ni ina nuna shi da sanda a gaban abokaina, ka bar ni shekara guda ina yafe maka laifina, ka bar ni na koma na sake saye. Wannan kake kira kunya?"

Ban ce haka ne ba.  Duk shekarar nan ina ɗaukar kaina wanda aka zalunta yana haƙuri, har ina ɗan jin daɗin hakan. Cikin minti ɗaya dattijon ya ƙwace mini wannan ma.

Ya ɗauki dunƙulen mafi girma ya sa a aljihun babbar riga, har rigar ta karkata gefe. A bakin ƙofa ya juyo. "Ka yi odar na kirki. Idan sun zo, kai za ka kawo su, ka zauna a kujera ka yi mini bayani." Ya shiga mota bai amsa addu'ar tela ba.

Na ɗauka zai binne maganar. Ashe a kan teburin awonsa ya ajiye simintin, kusa da sikeli, inda duk mai sayen doya zai gani ya tambaya. Duk wanda ya tambaya kuwa sai ya ba shi labarin daga farko har ƙarshe, bai rage nasa wautar ba, bai kuma rage tawa ba. Rabi'u ya sake buɗe shago da inji biyu. Ya dawo gaishe ni, a taƙaice.

Sati biyu bayan haka na sami aikin haɗa inji na farko daga waje cikin shekara. Wata Hajiya ce daga Djougou, mai sayar da atamfa, ta zo da jaka cike da kayan da ɗanta ya sa ta saya. Ta ajiye a kan tebur, ta ƙi zama.

"Kai ne surukin Alhaji?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ya ce duk ƙasar nan ba wanda ya fi ka sanin abin da ke cikin waɗannan ƙarafan." Ta zuge jakar. "Ya kuma ce in tsaya a kanka ka duba, ka gaya mini nan ido da ido. Idan ka ce za ka aiko da saƙo gida, wai in kwashe kayana in gudu."